Me ya sa kebul ɗin USB-C ke cajin kwamfuta amma ba ya nuna hoto a allo?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga waɗanda suka san sha'anin kwamfuta a wannan zaure, domin kwana uku ke nan ina fama da kebul-kebul, kuma duk wanda na gwada sai ya zo da tasa matsalar. Na daɗe ina aiki da kwamfutar tebur wadda allonta ke haɗe da kebul mai shuɗin kai da kusoshi biyu da ake murzawa, sai a kwanakin nan na koma kwamfutar tafi-da-gidanka. Sabuwar tana da bakin USB-C guda biyu, da bakin HDMI ɗaya, da bakin USB irin na da guda ɗaya, sai ramin abin sauraro.

Ina da allo biyu. Tsohon yana da baki biyu, an rubuta VGA a ƙarƙashin ɗaya, an rubuta DVI a ƙarƙashin ɗayan. Sabon kuma yana da HDMI da DisplayPort da USB-C. Da farko na ɗauki kebul ɗin da nake cajin wayata da shi, wanda kansa biyu duk USB-C ne, na haɗa kwamfutar da sabon allon. Nan take kwamfutar ta nuna tana caji, amma allon ya ce bai ga sigina ba. Na koma kan tsohon allon, na samo wani siririn kebul mai HDMI a gefe ɗaya da VGA a ɗaya gefen, ya shiga daram a kowane ɓangare, amma shi ma bai nuna komai ba. Matsala ta uku ita ce ta intanet: na haɗa kebul daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet, zuwa kwamfutar ta hanyar wata 'yar adafta ta USB, sai kwamfutar ta nuna gudun megabit 100, alhali a jikin rautar an rubuta gigabit, wato megabit 1,000.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a duk gwaji ukun nan kan kebul ya shiga bakinsa ba tare da tilastawa ba. A tunanina duk abin da ya shiga ya kamata ya yi aiki. Ina roƙon a bayyana mini inda kuskuren yake, kuma a faɗa mini yadda mutum zai riƙa gane kebul ɗin da ya dace tun kafin ya saya.

Tsohon Mai Gyara ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren yana cikin jumlarka ta kusa da ƙarshe, wato zaton cewa duk abin da ya shiga zai yi aiki. Siffar baki daban, siginar da ke bi ta cikin wayoyin kebul ɗin daban, kuma a matsalolinka uku siffar ta dace amma abin da ke ciki bai dace ba. Zan ɗauki maganar allo, tunda ita na fi sani.

Kebul mai shuɗin kai da ka saba da shi shi ne VGA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Yana da fil 15 a layi uku, kuma siginarsa ta analog ce, ma'ana ƙarfin wutar da ke hawa da sauka a cikin wayoyi uku shi ke nuna yawan ja da kore da shuɗi a kowane ɗigo na hoto. Wannan ne ya sa idan kebul ɗin ya yi tsawo ko ya tsufa rubutu kan yi inuwa, idan kuma fil ɗaya ya lanƙwashe sai allon gaba ɗaya ya rine zuwa launi guda. Ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. HDMI kuwa, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a ƙarshen 2002, yana da fil 19 kuma siginarsa ta dijital ce tsantsa, yana ɗaukar hoto da sauti tare. Saboda haka kebul ɗin da ke da HDMI a gefe ɗaya da VGA a ɗaya gefen, in dai babu wata na'ura a cikinsa da ke juya dijital zuwa analog, waya ce kawai ta haɗa harsuna biyu da ba sa jin juna. Wanda ke aiki za ka gan shi da ɗan akwati ko kumburi a ɓangaren VGA, a ciki ne na'urar juya siginar take, kuma tana shan wutarta daga bolt 5 da bakin HDMI ke bayarwa. A lura kuma cewa irin wannan adafta hanya ɗaya take bi: wadda aka yi domin HDMI zuwa VGA ba za ta yi aikin VGA zuwa HDMI ba.

Amma ni da ni ne, ba zan ma bi ta VGA ba, tunda tsohon allonka yana da DVI. An fito da DVI a 1999, kuma ɓangarensa na dijital yana amfani da tsarin sigina iri ɗaya da na HDMI, don haka kebul na HDMI zuwa DVI ba ya bukatar wata na'ura a tsakiya, kuma hoton zai fi na VGA tsabta nesa ba kusa ba. Irin wannan haɗin yana kai ɗigo 1920 a faɗi da 1200 a tsaye, ana sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa, wanda ya ishi yawancin tsofaffin alluna. Sauti ne kawai ba za ka sa rai da shi ba. DVI ɗin ma kashi-kashi ne: akwai DVI-D na dijital kaɗai, akwai DVI-A na analog, akwai DVI-I da ya haɗa biyun, wanda ake gane shi da ƙananan fil huɗu da ke kewaye da faffaɗan fil ɗin da ke gefe. Ka nemi kebul mai kan DVI-D, domin shi yana shiga bakin DVI-D da na DVI-I duka.

A kan sabon allon, hanya mafi sauƙi ita ce HDMI zuwa HDMI. Abin dubawa kawai shi ne zubin da kwamfutar da allon ke ɗauke da shi. HDMI 1.4 na 2009 yana iya nuna 4K, wato hoto mai ɗigo kusan 4,000 a faɗi, amma sau 30 kacal a daƙiƙa, abin da ke sa kibiyar linzamin kwamfuta ta riƙa tafiya a allo kamar tana ɗingishi. HDMI 2.0 na 2013 ya kai gigabit 18 a daƙiƙa, yana nuna 4K sau 60, shi kuma 2.1 na 2017 ya kai gigabit 48. DisplayPort, wanda ƙungiyar VESA ta tsara a 2006, yana da fil 20, kusurwarsa ɗaya a yanke take, kuma yawancin kebul ɗinsa na da ɗan makulli da sai an danna kafin a zare. Na sha ganin bakin da aka ɓalle saboda mai shi ya ja da ƙarfi bai san da makullin ba. A aikin kwamfuta ni na fi son sa a kan HDMI, musamman saboda tun daga zubi na 1.2 ana iya jera allo biyu ko fiye a kan baki ɗaya, idan allunan na da bakin fitarwa.

Mai Jan Waya ta amsa:

Malam Mai Neman Sani, ni zan taɓa batun intanet ne, domin jan kebul na sadarwa shi ne aikina. Kan da ke jikin kebul ɗinka ana kiran sa RJ45, yana da fil 8, kuma a cikin kebul ɗin akwai wayoyi takwas da aka murɗe su biyu-biyu, suka zama tagwaye huɗu. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ke kashe hayaniyar wutar da kebul ke tsinta a hanya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gudun megabit 100 tagwaye biyu kawai yake amfani da su, wato fil na 1 da 2 da 3 da 6, amma gigabit sai tagwayen huɗu duka sun kasance lafiya. Idan waya ɗaya daga cikin na 4 da 5 da 7 da 8 ta tsinke, ko ba a matse ta sosai ba lokacin ɗaura kai, na'urorin biyu ba za su yanke hulɗa ba, sai dai su sauko su daidaita a kan megabit 100 ba tare da sun sanar da kowa ba. Akwai ma kebul da ake yi da wayoyi huɗu kacal tun daga masana'anta. Ka ɗaga kan kebul ɗin ka duba shi a haske, tunda robar garau take, ka ƙirga wayoyin da ke ciki.

Idan takwas ne, ka karanta rubutun da ke jikin rigar kebul ɗin. Cat5e yana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100. Cat6 yana ɗaukar gigabit ɗaya a wannan tsawon, yana kuma iya kai gigabit 10 idan tsawon bai wuce kimanin mita 55 ba, shi kuwa Cat6a yana kai gigabit 10 har mita 100. A gida ko ƙaramin ofis Cat5e mai kyau ya wadatar. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kebul mai alamar CCA, wanda cikinsa alminiyom ne aka yi masa rufin jan ƙarfe. Yana saurin karyewa, yana kuma yin zafi idan aka bi da wuta ta cikinsa zuwa kyamarar tsaro ko na'urar Wi-Fi ta bango, abin da ake kira PoE, wanda ƙa'idarsa ta 2003 ke ba da wat 15.4, ta 2009 kuma wat 30.

Ga wanda zai ɗaura kai da kansa, jeri biyu ne aka amince da su, T568A da T568B, kuma sharaɗin shi ne a yi iri ɗaya a kai biyun. Jerin T568B shi ne fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, sai ruwan ƙasa. Mutum ya jera su yadda ya ga dama, ko da kai biyun sun yi daidai da juna, zai iya raba tagwaye, kebul ɗin ya yi aiki a gajeren zango ya kasa a dogo.

Sai dai kafin ka zargi kebul, ina zargin adaftar da ka ambata. Da yawa daga cikin ƙananan adaftoci na USB 2.0 iyakarsu megabit 100, kuma ko da an sa musu na'urar gigabit, USB 2.0 kansa bai wuce megabit 480 ba. Ka duba jikinta, idan an rubuta 10/100 to ka sami mai laifin, sai ka nemi wadda aka rubuta 10/100/1000 mai kan USB 3.0 ko USB-C. Kada kuma a rikita megabit da megabait: bit takwas ke yin bait ɗaya, saboda haka layin megabit 100 ba zai sauke fiye da kimanin megabait 12 a daƙiƙa ba.

Ɗalibin Lantarki ya amsa:

Malamaina biyu sun yi bayani mai gamsarwa, amma tambayar da ke kan take, wato ta USB-C, har yanzu tana nan, kuma da izininsu zan ɗan saɓa wa shawarar komawa HDMI, domin idan allon yana iya cajin kwamfutar, asara ce a bar hanyar da kebul ɗaya zai ɗauki hoto da wuta tare.

USB-C sunan siffar baki ne kawai. An fito da shi a 2014, yana da fil 24, kuma ana iya cusa shi ta kowace fuska. Abin da ke gudana a cikinsa kuwa zai iya zama USB 2.0 na shekarar 2000 mai megabit 480, ko USB 3.0 na 2008 mai gigabit 5, ko na gigabit 10 ko 20 da suka biyo baya, ko USB4 na 2019 mai kai gigabit 40, ko kuma Thunderbolt, wani tsarin haɗi mai sauri wanda kamfanonin Intel da Apple suka fara fitarwa a 2011 kuma ya koma amfani da bakin USB-C tun daga zubi na uku a 2015. Kebul ɗin da ke zuwa da yawancin wayoyin hannu na USB 2.0 ne, a cikinsa akwai wayoyin wuta, da waya ɗaya ta tattaunawa wadda na'urori ke yin yarjejeniyar caji ta cikinta, da tagwaye ɗaya na bayanai. Babu tagwaye huɗu masu saurin gudu, kuma ta cikinsu ne siginar DisplayPort ke bi idan za a nuna hoto ta USB-C. Wannan ne ainihin abin da ya faru da kai, Malam: wayoyin caji suna nan shi ya sa ta yi caji, wayoyin hoto babu su shi ya sa allon ya yi shiru.

Abu uku ne sai sun yarda da juna: bakin kwamfutar, da kebul, da bakin allon. Ba kowane bakin USB-C na kwamfuta ke fitar da hoto ba, kuma a kwamfuta ɗaya ana iya samun ɗaya yana yi ɗaya ba ya yi. Ka duba gefen kowane baki, idan ka ga alamar harafin D mai P a cikinsa, wato ta DisplayPort, ko alamar walƙiya mai kan kibiya, wato ta Thunderbolt, to yana fitar da hoto, idan babu alama sai ka duba littafin kwamfutar. A wajen kebul kuma, ka nemi wanda aka rubuta gudunsa a jiki ko a kwalinsa, kamar 10Gbps ko 20Gbps ko 40Gbps, wato yawan gigabit a daƙiƙa. Irinsa kan fi kauri, kuma kan kasance gajere, sau da yawa mita ɗaya ko ƙasa da haka, domin sigina mai sauri ba ta jure nisa.

Batun wuta ma yana da nasa matakin. Kebul na USB-C na yau da kullum yana ɗaukar amfiya 3, wanda a bolt 20 ya zama wat 60. Wanda zai ɗauki amfiya 5, wato wat 100, dole ya kasance da wata 'yar ƙaramar na'ura a cikin kansa da ake kira e-marker, wadda ke shaida wa caja abin da kebul ɗin zai iya jurewa, kuma ƙa'idar 2021 ta ɗaga iyakar zuwa wat 240 a bolt 48. Kebul zai iya zama mai wat 100 amma gudunsa na USB 2.0 ne, don haka yawan wat ba hujja ba ce cewa zai nuna hoto. Tarayyar Turai ta wajabta bakin USB-C a kan sababbin wayoyin hannu daga ƙarshen 2024, amma dokar ta daidaita baki da caji ne, ba ta mayar da kowane kebul iri ɗaya ba.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya. A jikin adaftar intanet ɗin an rubuta 10/100 kamar yadda Malama ta yi hasashe, kebul ɗin kuwa wayoyinsa takwas ne cif, an rubuta Cat5e. A gefen kwamfutar kuma na tarar bakin USB-C ɗaya ne kawai ke da alamar D ɗin, wanda ban taɓa lura da ita ba saboda ƙanƙantarta. Na ari kebul mai kauri da aka rubuta 10Gbps, na sa a wannan bakin, hoto ya fito kuma caji na tafiya.

Saura tambaya ɗaya. Ina so in cire faifan ajiyar tsohuwar kwamfutar in kwashe takarduna. Da na buɗe ta na ga kebul biyu a jikin faifan, siriri da faffaɗa, da kuma tarin wayoyi masu launi da ke fitowa daga akwatin wuta. Wanne ne na me, kuma akwai adaftar da za ta haɗa faifan da sabuwar kwamfutar?

Tsohon Mai Gyara ya amsa:

Madalla, Malam, kuma na karɓi gyaran ɗalibinmu, hanyarsa ta fi tawa a kan sabon allon. Kafin ka taɓa komai a ciki, ka zare kebul ɗin wuta daga bayan akwatin, wato mai ramuka uku da ake kira C13, sannan ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin sauran wutar da ta taru ta fita. Shi kansa akwatin wutar kada ka kwance shi, domin akwai sassan da ke riƙe wuta mai haɗari bayan an kashe.

Abin da ka gani SATA ne. Siririn mai fil 7 shi ke ɗaukar bayanai zuwa babban allon cikin kwamfutar, wato farantin da sauran sassanta ke haɗe a kansa, faffaɗan mai fil 15 kuma shi ke kawo wuta. Dukansu bakinsu na da lanƙwasa kamar harafin L domin kada a juya su, kuma robar wurin ba ta da ƙwari, saboda haka ka ja su a miƙe, kada ka girgiza sama da ƙasa, idan akwai ɗan ƙarfen makulli ka danna shi tukuna. Zubin SATA na uku yana kai gigabit 6, kuma duk zubin suna aiki da juna. Da a ce ka ga faffaɗan kebul mai kama da ɗamara mai fil 40, to wannan IDE ne na kafin SATA, adaftarsa daban ce.

Adaftar SATA zuwa USB tana nan, amma girman faifan ne zai nuna wadda za ka nema. Ƙaramin faifai na inci 2.5 bolt 5 kawai yake bukata, bakin USB na iya ba shi. Babban faifan kwamfutar tebur na inci 3.5 yana bukatar bolt 12 domin juya injinsa, wanda bakin USB na yau da kullum ba ya bayarwa, don haka sai adafta mai nata abin jonawa a soket. Wanda bai san wannan ba zai ga faifan ya ƙi motsi ya ɗauka ya mutu.

Sauran wayoyin ba ruwanka da su a wannan aikin, sai dai tunda ka tambaya: babban mai fil 24 na babban allon ne, mai fil 4 ko 8 da ke kusa da ƙwaƙwalwar kwamfutar nata ne, mai fil 6 ko 8 kuma na katin hoto ne, wato sashen da ke sarrafa hoton da ake gani a allo, yana ba da wat 75 ko 150. Masu fil 8 ɗin nan biyu sun yi kama, amma jerin wutarsu ba ɗaya ba ne, ana bambanta su da yadda kan ke rabuwa, na ƙwaƙwalwa huɗu da huɗu, na katin hoto shida da biyu. Haka kuma idan akwatin wutar irin wanda ake cire wa kebul ne, kada a sa masa kebul na wani akwatin ko da ya shiga, domin ba a daidaita jerin fil na ɓangaren akwatin tsakanin kamfanoni ba, kuma bolt 12 na iya faɗawa inda ake jiran bolt 5 ya ƙone faifan da ake son ceto. Idan ka cire faifan ka faɗa mana abin da aka rubuta a jikinsa, sai mu gaya maka adaftar da ta dace.